Yaro ya gama sakandare, babu kuɗin jami'a: yadda ake neman tallafin karatu

A matsugunanmu na jihar Maradi, iyaye da yawa suna tambayar abu guda: yaro ko yarinya sun gama sakandare, kai na ja, amma gida ba shi da abin kai su jami'a. Akwai hanyar samun tallafi, sai dai masu nema sun fi guraben yawa. Mafi yawan waɗanda suke samu tun kafin a liƙa sanarwa suka fara shiri. Ga bayanin abin da ya kamata iyali su sani.

Ɗan gudun hijira yana da damar shiga jami'a?

Yana da ita. Sashe na 22 na yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ya ce kada a bar ɗan gudun hijira a bayan sauran baƙin da ke zaune a ƙasa wajen shiga makarantun gaba da firamare, da amincewa da takardun shaidar karatunsa, da rangwamen kuɗin makaranta, da samun tallafi. Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato HCR, tana da burin ganin kashi 15 cikin ɗari na matasan 'yan gudun hijira suna karatun gaba da sakandare zuwa shekarar 2030. A 2019 kashi ɗaya ne kawai cikin ɗari, zuwa 2023 ya kai kashi 7.

Mene ne DAFI?

Shi ne babban shirin tallafin karatun jami'a na 'yan gudun hijira. Gwamnatin Jamus ta kafa shi a 1992, HCR ce take tafiyar da shi, kuma an sa masa sunan masanin kimiyyar nan Albert Einstein, wanda shi ma hijira ya yi. Ɗalibai fiye da 20,000 sun ci gajiyarsa a ƙasashe daban-daban.

Tallafin na digirin farko ne, kuma a ƙasar da mutum yake zaman hijira ake karatun. Wanda yake Nijar a Nijar zai yi, ba Jamus za a kai shi ba. Ana biyan kuɗin rajista da na makaranta, ana kuma ba ɗalibi abin da zai rage masa nauyin littattafai, abinci, masauki da kuɗin mota. Ba bashi ba ne, ba a mayarwa. Amma kowace shekara ana duba sakamako, wanda ya yi ta faɗuwa yana iya rasa tallafin.

Wa ya cancanci nema?

Wanda aka amince da shi a matsayin ɗan gudun hijira kuma yana da takardar shaida mai aiki. Ya gama sakandare da sakamako mai kyau wanda jami'a za ta karɓa. Shekarunsa ba su wuce 28 ba lokacin fara karatu. Iyalinsa ba su da halin biya, kuma ba ya karɓar wani tallafin jami'a daga wani wuri. Bayan an tace takardu, kwamiti yana kiran waɗanda suka tsallake domin ganawa. Ana tambayar me mutum yake so ya karanta, don me, da kuma irin hidimar da ya taɓa yi wa jama'arsa. Wanda yake koyar da ƙananan yara da yamma ko yake taimakawa a asibitin matsuguni ya faɗa, yana da amfani.

Takardu: a nan mutane suke makara

A tanadi takardar shaidar gudun hijira da ba ta ƙare ba, da takardar haihuwa, da sakamakon jarrabawar kammala sakandare, da ƙananan hotuna. Idan takardar hijira ta kusa ƙarewa, a sabunta ta tun yanzu. A duba cewa suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a dukkan takardu. Idan wata ta ce Muhammadu wata ta ce Mahamadou, a kai wa ma'aikatan rajista su ba da shawara kafin ranar nema.

Da yawa sun baro gida da dare, takardu sun ƙone ko sun ɓata. Wanda ya rubuta WAEC ko NECO yana iya ciro sakamakonsa ta intanet idan yana da lambar jarrabawa da shekarar da ya rubuta. Idan lambar ta ɓace, a nemi tsohon shugaban makaranta ko malami ta waya. Wanda ya zo da sakamakon Najeriya zai buƙaci hukumomin ilimi na Nijar su tantance matsayinsa idan aka kwatanta da BAC. Wannan yana cin lokaci, kada a bar shi sai ana gobe rufe karɓar takardu.

Maganar Faransanci

Jami'o'in gwamnati, irin su Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, da André Salifou ta Zinder, da Abdou Moumouni ta Yamai, da Faransanci suke koyarwa, kuma digirin farko, wato lisans, shekara uku ne. Yaron da ya yi karatu da Ingilishi a Sakkwato, Zamfara ko Katsina ya fara koyon Faransanci tun yau, ko da wajen abokai ne da rediyo. Wanda har yanzu yake aji ya dage ya rubuta BEPC da BAC a nan, hanyarsa za ta fi sauƙi. Masu ƙarfi a Larabci su bincika Jami'ar Musulunci ta Say.

Lissafin da iyali za su yi

Kuɗin tallafi ba ya riƙe gida, na ɗalibi ne shi kaɗai, kuma sai da tattali yake isa. Akwai kuma kashe-kashen da ke zuwa kafin a zaɓi mutum: hoto, kwafin takardu, kuɗin mota zuwa gari. A riƙa ajiye ɗan abin da ya samu, ko a shiga adashi saboda su. Idan yaron shi ne yake kawo cefane, a zauna a tattauna wanda zai ɗauki wannan nauyi kafin ya tafi, domin kada ya bar karatu a tsakiya.

'Yan mata suna da dama daidai da maza, kuma shirin yana ƙarfafa su su nema. Aure ko goyo ba ya cikin abin da ke soke cancanta. Masu buƙata ta musamman su ma su nema.

Idan ba a dace ba

A sake nema a zagaye na gaba muddin shekaru ba su wuce ba. HCR tana da shafin intanet mai suna Opportunities inda ake jera tallafin karatu na 'yan gudun hijira. Wanda ya riga ya yi digirin farko yana iya sa ido kan shirin UNICORE, wanda ke kai ɗalibai Italiya domin digiri na biyu. Makarantun koyon sana'a ma hanya ce, kuma shekarar jira ta fi amfani idan an yi ta ana koyon harshe da kwamfuta.

A yi hattara da 'yan damfara

Neman tallafin kyauta ne. Ba a sayar da fom, kuma babu wanda yake da ikon saka suna a jeri don an ba shi kuɗi ko wata alfarma. Duk wanda ya nemi wani abu, ko ma'aikaci ne, a kai ƙararsa ta akwatin ƙorafi ko ofishin kariya. Kada a tura hoton takardar hijira ga baƙuwar lamba a WhatsApp.

Ranar buɗe nema da sharuɗɗan kowace shekara suna fitowa a allon sanarwa da kuma ta bakin shugabannin al'umma. Mai tambaya ya je wurin jami'in ilimi na matsuguninsa da takardunsa a hannu, a duba su tare tun da sauran lokaci.