MOTA TA LALACE: A KAI TA KAMFANI KO WURIN MAKANIKIN GARI?

Watan Maris da na Afrilu lokacin cirar albasa ne a Karofane da fadamun Madawa da Galmi. Albasa ba ta jira. In an cika buhu aka bar shi cikin rana, kwana kaɗan sai ruɓa ta shiga. A wannan lokaci ne mota take da daraja, kuma a lokacin ne ta fi lalacewa, don ana ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta.

A da jaki da raƙumi da amalanke su ne abin ɗaukar kayan manomi. Yau a ƙasar Adar akwai manoman da suka sayi a-kori-kura, wasu su kaɗai, wasu kuwa sun haɗa kuɗi cikin ƙungiya. Masu dabbobi ma suna ɗaukar haya su kai raguna kasuwa. Mota ba ta cin ciyawa, amma tana da nata cin. Ranar da ta tsaya, gardama takan tashi: wani ya ce a kai ta kamfani, wani ya ce makanikin Madawa ya isa.

Mene ne kamfani?

Masu ƙera mota suna da wakili a ƙasashe da yawa. Shi ke shigo da sababbin motoci da kayan gyaransu na asali. A Nijar, wakilin Toyota shi ne kamfanin CFAO, babban gidansa yana Yamai. Makanikansa an koya musu aikin irin motar da suke sayarwa. Suna da kwamfutar da ake haɗawa da mota ta faɗi inda ciwo yake. In sun gama aiki sukan ba da takarda: ga abin da aka canza, ga rana, ga kuɗi.

Wanda ya sayi sabuwar mota a wurinsu ana ba shi garanti. Garanti alkawari ne a rubuce. Ma'anarsa, in wani abu ya lalace ba da laifin mai mota ba, kamfani zai gyara ba tare da ya biya ba. Ga sabuwar Toyota yawanci shekara 3 ne ko kilomita 100.000, duk wanda ya riga cika. Amma alkawarin yana da sharaɗi. Dole a riƙa kai motar ana duba ta a kan lokaci, ana buga hatimi a littafinta. In makanikin waje ya buɗe inji ya sa kayan da ba na asali ba, kamfani na iya cewa ba ruwansa.

Sai dai Yamai ba kusa take ba. Daga Madawa kusan kilomita 500 ne, zuwa da dawowa 1.000. Ga lissafi, mai karatu ya yi shi da kansa. A ce mota tana shan lita 10 a kilomita 100. Tafiyar za ta ci lita 100. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta sa litar gazuwal a kan tamma 618. Lita 100 ke nan jika 62 ba kaɗan. Ba a taɓa motar ba tukuna. Ba a sa abincin direba da makwancinsa ba, ba a sa kwana uku ko huɗu da motar za ta yi ba ta ɗauki buhu ko ɗaya ba. Wanda ya yi wannan tafiya don juyen baƙin mai kawai a tsohuwar mota, ya sayi akuya ne da kuɗin sa.

Makanikin gari

Galibin motocin da ke bin hanyar Madawa, Buza da Keita ba sababbi ba ne. Sun gama aiki a Turai ko wata ƙasa kafin su iso nan. Shekaru da yawa ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano suka riƙa shigowa, shi ya sa ake ce musu ƴan Kwatano. Irin waɗannan ba su da garanti. Ba wani alkawari da zai karye in makanikin gari ya taɓa su.

Kuma kada a raina shi. Makanikin Madawa ko na Ƙwanni ya san hanyoyin Adar, da duwatsunsu da rairayinsu da ƙoramun da ke cika da damina. Ya san abin da ke fara karyewa a ƙarƙashin mota mai ɗaukar albasa. Tsofaffinsu sun koyi aiki tun zamanin Peugeot 404 da 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. In mota ta mutu a daji, waya ɗaya ta isa, ya hau babur da jakar kayan aiki ya zo. Yakan yi haƙuri da bashi har a sayar da albasa. Kamfani ba ya jiran kaka.

Tsohon inji, irin na Land Cruiser mai lamba 1HZ da aka fara yi a 1990, ƙarfe ne zalla. Makaniki mai kunne yana jin kukansa ya gane ciwonsa. Irin wannan mota ba ta da abin nema a Yamai.

Amma motocin baya-bayan nan dabam suke. Hilux da aka yi daga wajen 2005 zuwa yau, kwamfuta ce ke auna mata gazuwal ɗin da take sha. Bakunan da ke fesa man cikin inji, waɗanda makanikai ke ce ma nozul, ramukansu ƙanana ne ƙwarai, ɗan ruwa ko ƴar ƙura na iya kashe su, kuma suna da tsada. In jan haske ko ruwan ɗorawa ya kunnu a gaban direba, motar ce ke cewa ba ta da lafiya. Nan ne wasu makanikai ke yin ɓarna. Ba su da na'urar karanta ciwon, kuma suna jin kunyar su ce ba su sani ba. Sai su shiga canza wannan, su canza wancan, mai mota na biya. Wani ma sai ya cire ƙwan hasken ya ce an gyara. Makanikin kirki shi ne wanda zai ce: «Alhaji, wannan ya fi ƙarfin kayan aikina. Kai ta inda ke da kwamfuta.» Ba lalle sai Yamai ba. A manyan garuruwa akwai garaji masu zaman kansu da suka sayi na'urar. A tambayi direbobin tasha, su suka san wanda ya iya.

Inda kuɗi ke zurarewa

Babbar matsala ba hannun makaniki ba ce, kayan gyara ne. A watan Janairu na 1994 an karya darajar kuɗin Sefa da rabi. Abin da ake sayowa daga Turai ya ninka kuɗi dare ɗaya. Mutane suka ƙara juyawa wajen gwanjo da kayan da ke shigowa ta Nijeriya, daga kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa ta Kano.

Kayan gyara iri uku ne a kasuwa. Akwai sabo na asali. Akwai gwanjo, wato na asali ne amma an ciro shi daga wata mota. Akwai kuma jabu, wanda aka sa cikin kwali mai kyau da sunan babban kamfani, alhali cikinsa banza ne. Gwanjo mai lafiya sau da yawa ya fi sabon jabu. Ƙofa, madubi, fitila, kujera, duk ana iya sa gwanjo ba fargaba. Amma akwai abin da ba a yi ma rowa: birki, kayan sitiyari, taya, filtar mai, da baƙin mai. Waɗannan rai ne ke kansu. Motar da ta ɗauko buhun albasa da mutane bisa, ta zo gangaren dutse birki ya ƙi, ba gyara ake magana ba kuma. Araha ba ta ado.

Baƙin mai shi ne jinin inji. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin hanya, ba wanda ya san asalinsa. Wani tsoho ne da aka juye daga wata mota aka tace. A sayi galan mai rufi wanda ba a fasa ba, a buɗe shi gaban mai mota. A hanyar ƙura irin ta ƙauyukan nan, juye duk kilomita 5.000 shi ne daidai, tare da canza filtarsa. Filtar iska kuwa a riƙa kakkaɓe ta, musamman da hunturu. Gazuwal na duro yakan zo da ruwa, don haka a riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasan filtar gazuwal. Wannan duk yaron mota na iya yi in an nuna masa sau ɗaya.

Wasu injuna suna da bel a ciki wanda ake ce ma taimin. Ba a ganinsa daga waje, ba ya kuka, ba ya gargaɗi. Ranar da ya tsinke, inji na iya farfashewa a ciki. Masu ƙera motar sun faɗi kilomitan da za a canza shi, a wasu 100.000, a wasu 150.000. Wanda ya sayi ƴar Kwatano bai san yaushe aka canza shi ba, kuma agogon kilomita ma ana mayar da shi baya kafin a sayar. Gara ya canza shi tun ranar farko, ya rubuta.

Littafin mota

Abin da kamfani ya fi makanikin gari da shi, bayan kwamfuta, takarda ce. To, takarda kuwa wanda ya shiga makarantar yaƙi da jahilci yana iya yin tasa. Littafi ɗaya irin na ƴan makaranta ya isa, da biro. A ja layi huɗu a kowane shafi: rana, lambar da agogon kilomita ya nuna, aikin da aka yi, kuɗin da aka biya. Littafin ya zauna cikin mota.

Kafin a kwance ƙusa ɗaya, a yi ciniki. Mai mota ya ce: «Maigida, gaya mini abin da ya lalace. Kuɗin kaya nawa, kuɗin hannu nawa?» A rubuta su dabam dabam. In za a sayo kaya, mai mota ya bi yaron garaji zuwa shago, ya karɓi rasiɗi. In an gama aiki ya ce a ba shi tsohon abin da aka cire. Wannan ba rashin yarda ba ne. Makaniki mai gaskiya ba ya jin haushinsa, don littafin shi ma shaidarsa ne. In mota ta sake tsayawa bayan kwana goma, za a duba a gani ko abin da ya gyara ne, ko wani dabam.

Motar ƙungiya ta fi kowace buƙatar wannan. Kuɗin mutane da yawa ne, kuma zargi ba ya da wuya. Direba ya ce ya kashe jika 40 a Ƙwanni, ma'aji ya ce bai gani ba, zumunci ya ɓaci. In akwai littafi, sakatare ya karanta shi gaban kowa a taron wata. Kuma a riƙa cire wani abu daga kowace haya ana ajiyewa don gyara, kada ranar lalacewa a shiga bin gida gida.

Motar ɗaukar marasa lafiya ta gidan likita, ko wadda wani furoje ya ba ƙungiya sabuwa, maganarta dabam ce. Shugabanni su nemi takardar garantinta tun ranar da aka miƙa makulli, su sa a karanta musu sharaɗin, su tambayi mai bayarwa wa zai biya man zuwa dubawa. Muddin garanti bai ƙare ba, kada a bar kowa ya buɗe injin a gari.

Ga mai tsohuwar a-kori-kura kuwa, watan Fabrairu ne lokacin kai ta garaji, tun makaniki bai cika da aiki ba, tun albasa na cikin ƙasa. A duba birki da taya da lagireto, a yi juye, a rubuta a shafin farko.