Kimiyyar Siyasa: Me Ake Koyo, Wane Aiki Ake Yi da Ita?

A duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, za ka ji wasu 'yan ajin ƙarshe suna cewa kimiyyar siyasa za su karanta domin su zama gwamna ko sanata. Wasu iyayen kuma da jin sunan sai su ce a'a, ɗansu ba zai je jami'a ya koyo ƙarya da yaudara ba. Duka ɓangarorin biyu sun ɗauka cewa wannan fanni makarantar horar da 'yan siyasa ce, alhali ba haka abin yake ba.

Tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai ce sai mai digiri zai tsaya takara ba. Ko kujerar shugaban ƙasa, ilimin da aka shar'anta shi ne matakin kammala sakandare ko makamancinsa. A 2018 kuma an rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Ke nan mai son takara ba ya buƙatar wannan digiri. To, me ake zuwa nema a cikinsa?

Abin da ake koyo

Kimiyyar siyasa nazari ne a kan mulki: yadda ake samunsa, yadda ake amfani da shi, da yadda ake taka wa mai riƙe da shi burki. Me ya sa wannan gari ya samu asibiti, maƙwabcinsa bai samu ba? Wa ke yanke hukunci a kan kuɗin da ke zuwa ƙananan hukumomi 774? Irin tambayoyin da ɗalibin fannin ke koyon amsawa ke nan, da hujja.

Akwai manyan rassa. Na farko shi ne tunanin masana a kan shugabanci, daga Aflatun da Aristotal na Girka zuwa Ibn Khaldun mai littafin Muƙaddima. Mu ma nan muna da namu: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta Kitabul Farƙi, ƙaninsa Abdullahi kuma ya rubuta Liya'ul Hukkami, duka a kan yadda ya kamata a yi mulki. Na biyu shi ne kwatanta tsare-tsaren mulki. Misali, daga 1960 zuwa 1966 Najeriya ta bi tsarin firaminista irin na Ingila, a 1979 ta koma tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka. Ɗalibi zai nazarci dalilin sauyin da abin da ya haifar. Na uku shi ne gudanar da aikin gwamnati, na huɗu kuma hulɗar ƙasa da ƙasa, inda ake duba ƙungiyoyi kamar Majalisar Ɗinkin Duniya da ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975. A ƙarshe akwai dabarun bincike da ƙididdiga. Nan ne waɗanda suka gudo daga lissafi suke sake cin karo da shi, domin ba a nazarin sakamakon zaɓe ko kasafin kuɗi ba tare da alƙaluma ba.

Yadda ake shiga

Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da darasin Gwamnati ko Tarihi, kuma jami'o'i da yawa suna neman kiredit a Lissafi. A jarrabawar JAMB ana rubuta Turanci da Gwamnati ko Tarihi, da wasu darussa biyu. Kowace jami'a tana da nata sharaɗi, saboda haka a duba littafin bayanin JAMB na shekarar tare da malamin ba da shawara kafin a cike fom. Karatun shekara huɗu ne. Mai NCE ko IJMB yana iya shiga aji biyu kai tsaye ya yi shekara uku. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Maiduguri duk suna da wannan sashe.

Ayyukan da ake samu

Da yawa suna shiga aikin gwamnati a matsayin jami'an mulki a ma'aikatun tarayya da na jiha da ƙananan hukumomi. Wasu suna aiki a hukumar zaɓe ta INEC. Majalisar ƙasa tana da sanatoci 109 da wakilai 360, kuma kowannensu yana buƙatar mataimakan da za su yi masa bincike su tsara masa ƙudiri. Ma'aikatar harkokin waje tana ɗaukar matasa ta horar da su aikin jakadanci. Akwai aikin jarida a rediyo da talabijin da jaridu, akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke sa ido a zaɓe ko sulhunta rikici, akwai hukumomin tsaro da shige da fice da kwastan. Mai son koyarwa yakan ƙara da diflomar koyarwa ya karantar da Gwamnati a sakandare, ko ya ci gaba zuwa digiri na biyu da na uku ya zauna a jami'a. Akwai kuma cibiyoyin bincike irin su Gidan Mambayya da ke Gwammaja a Kano, da cibiyar nazarin manufofi ta Kuru kusa da Jos.

Ga misalai uku. Farfesa Attahiru Jega ya karanci fannin a Kano, ya yi digirin digirgir a Amurka, ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, ya zama shugaban Jami'ar Bayero, sannan ya riƙe INEC daga 2010 zuwa 2015. Farfesa Ibrahim Gambari ya koyar a Zariya kafin ya zama ministan harkokin waje a 1984, daga baya ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1990 zuwa 1999. Farfesa Joy Ogwu ita ma ta riƙe waɗannan muƙamai biyu, don haka 'yan'uwa mata kada ku ce fagen maza ne. Ku lura, da ilimi da aiki aka san su ukun, ba da takara ba.

Gaskiyar da ya kamata a sani

Wannan digiri ba kamar na likita ko lauya ba ne, wanda ke da aikinsa shi kaɗai. Kusan duk gurbin da ɗan kimiyyar siyasa zai nema bayan hidimar ƙasa, masu digirin tarihi da tattalin arziki da nazarin zamantakewa suna neman sa. Masu takardar suna da yawa, guraben kaɗan ne. Abin da ke bambanta mutum shi ne abin da ya iya yi da hannunsa: rubuta rahoto mai tsabta da Turanci da Hausa, sarrafa alƙaluma a kwamfuta, da iya wani harshe. Faransanci yana da amfani ƙwarai, tun da Nijar da Chadi da Kamaru da Benin ne suka kewaye mu. Larabci ma harshen aiki ne a Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Mai sha'awar fannin ya fara tun yana nan: ya riƙe Lissafi da kyau, ya riƙa sauraron labarai kullum yana tambayar kansa dalilin abin da ya ji, ya shiga ƙungiyar muhawara ko ta 'yan jarida, ya nemi kundin tsarin mulki ya karanta babi na huɗu mai bayanin haƙƙoƙin ɗan ƙasa. Idan ya ji daɗin waɗannan, to ya cike fom ɗinsa da ƙarfin zuciya. Idan kuwa kujera kawai yake hange, gara ya sake shawara tun kafin ya ɓata shekara huɗu.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.