Gansakukar Kududdufi: Yadda Za Ka Leƙa Cikinta da Kyamarar Wayarka

Duk wanda ya tashi a Gumel ko Gagarawa ya san koren abin nan mai santsi da ke rufe kududdufi idan damina ta ja baya. Gansakuka muke ce masa. Sai dai kalmar ta yi faɗi: ta jikin randa gansakuka ce, ta gindin katanga ma haka, alhali halittu ne daban-daban.

Wadda ke jan zare kamar gashi, galibi ita ce Spirogyra ɗin nan da muka zana a darasin bayoloji. Sunan daga Girkanci yake, kalma ɗaya na nufin murɗe, ɗayar kuma zobe. Dalili kuwa, a cikin kowace ƙwayar halittarta akwai wani koren zare a murɗe kamar sifirin, wanda da shi take haɗa abinci daga hasken rana. Iskar oksijin da take fitarwa tana maƙalewa a tsakanin zarurrukan, shi ya sa take tasowa saman ruwa idan rana ta take. In kududdufin ya ƙafe, sai ta bar iri mai tauri a cikin laka har wata daminar.

Kaurin zare ɗaya bai cika wuce kashi 1 cikin 10 na milimita ba, don haka zumin ɗin waya kaɗai ba zai nuna maka murɗin ba. Ka ciro ɗan gilashin da ke bakin fitilar leza ta yara, ka liƙa shi a kan kyamara da salatif. Ɗora zare ɗaya a kan gilashi tare da ɗigon ruwa, ka haska tocilan daga ƙasa. Ni rawar hannu ce ta wahalar da ni, har sai da na ɗora wayar a kan littattafai na saita mata lokacin ɗauka.

Da sanda za ka ɗebo ta, kada ka shiga ruwan, saboda tsargiya. Sandar ma gwaji ce: idan ta fito da zare, mai yiwuwa wannan ce, kuma ba ta da guba. Idan kuwa ta fito kamar an tsoma ta a koren fenti, wata halitta ce dabam, wadda wasu nau'o'inta ke fitar da gubar da kan kashe dabba. Masu kora shanu zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kada ku shayar da su a irin wannan ruwan.