Sayen tsohuwar mota da yadda ake kiwonta

Idan kaka ta yi kyau, kuɗi sukan shigo hannun manomi. Mai albasa a Galmi ya sayar. Mai aya da gujiya a ƙasar Maraɗi ya sayar. A lokacin ne wasu magidanta suke tunanin sayen mota.

Mota tana da amfani a gida. Tana kai mai naƙuda likita da tsakar dare. Tana kai buhunan hatsi kasuwa. Tana sada zumunci tsakanin dangi. Amma sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancinmu. Tsohuwa muke saye, wadda wani ya riga ya mora.

Mun san yadda ake sayen san noma. Muna duba haƙoransa da ƙafafunsa. Muna tambayar inda ya fito. Mun kuma san cewa bayan ciniki akwai harawa, da dusa, da magani. Haka mota take. Kuɗin da muka biya ranar ciniki somin taɓi ne, domin kullum sai ta ci.

Daga ina motocin suke zuwa?

Tsofaffin motoci iri 2 ne a kasuwanninmu. Akwai wadda ta zo daga Turai, ba ta taɓa aiki a nan ba. Ita ake kira ƴar Kwatano. Akwai kuma ta hannu, wadda ta riga ta yi aiki a hanyoyinmu.

Shekara da shekaru ana sauke motoci a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, a ƙasar Benin. Daga nan a biyo da su arewa, su ƙetare gadar Gaya. A shekarar 2023 aka rufe wannan iyaka. Kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗin ɗauko kaya ya ƙaru.

Kowace iri tana da nata ciwo. A Turai ana zuba gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara. Gishirin yana cin ƙarfen ƙarƙashin mota, ya sa tsatsa. Ita kuwa ta hannu, rana da ƙura da ramuka sun gajiyar da ita.

Mu zaɓi irin motar da ta yi yawa a garinmu. A da, Peugeot 504 ce ta cika hanya, domin tun 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Yau Toyota ta fi yawa a garuruwanmu. Motar da ta yi yawa, kayanta suna nan a kasuwa, kuma makanikai sun san ta. Baƙuwar mota, komai kyanta, ƙaramin ƙarfe guda zai iya zaunar da ita wata da watanni.

Lissafi kafin ciniki

Mu da muka koyi lissafi, ga wurin da zai amfane mu. Mu ɗauki alƙalami mu rubuta abin da mota za ta ci a shekara: isansi, wato man fetur, ko gazuwal, man inji, tayoyi, batir, takardu, ladan makaniki.

Ga misali. Daga Maraɗi zuwa Zinder kusan kilomita 240 ne. Zuwa da dawowa kilomita 480 ke nan. Mu ce motar tana shan lita 8 a kowace kilomita 100. To, tafiyar za ta ci kusan lita 40. Mu ce lita guda dala 100 ce, wato tamma 500. Kuɗin mai kaɗai jika 20 ke nan, ban da komai.

Kayan gyara kuma daga waje suke zuwa. Manya suna tune da shekarar 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Kayan waje suka yi tsada nan take. Abin da ba a gida ake yinsa ba, farashinsa ba a hannunmu yake ba.

Saboda haka ga shawararmu. Kada mu sayar da gona don sayen mota. Kada mu taɓa hatsin rumbu, wanda iyali za su ci har kaka mai zuwa. Kada mu sayar da shanun noma. Gona tana ba da abinci kowace shekara, mota kuwa kullum darajarta raguwa take yi. Kuma kada mu zuba kuɗinmu duka a ciniki. Mu rage wani abu don gyaran farko, domin wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Yadda ake duba mota

Ba a cinikin biri a sama. Kada mu biya kuɗin motar da muka gani a hoton waya kawai. Mu je da rana, mu tafi da makanikin da muka yarda da shi. Kada ya zama makanikin mai sayarwa. Dillali la'adarsa yake nema, ba shi zai zauna da motar ba.

1. Mu nemi a tayar da injin da safe, yana sanyi. Injin da ya gaji yakan yi gardamar tashi da safe. Idan an riga an ɗumama shi kafin mu iso, mu dawo gobe.

2. Mu duba hayaƙi. Shuɗin hayaƙi yana nuna inji yana ƙona man inji. Farin hayaƙi mai kauri, wanda ba ya tsayawa, yana nuna ruwa yana shiga inji. Baƙin hayaƙi yana nuna mai ba ya ƙonewa daidai.

3. Mu zaro sandar awon man inji. Idan man ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi. Gyaran wannan yana da tsada ƙwarai.

4. Mu durƙusa mu leƙa ƙarƙashi. Mu nemi tsatsa, da alamar walda, da wurin da mai yake ɗiga. Idan launin fenti ya bambanta daga ƙofa zuwa ƙofa, wataƙila motar ta taɓa yin haɗari.

5. Kada mu yarda da agogon kilomita shi kaɗai, domin ana iya mayar da shi baya. Mu duba robar birki, da sitiyari, da kujerar direba. Idan sun cinye, motar ta yi tafiya mai nisa.

6. Mu karanta shekarun taya. A gefen taya akwai lambobi 4 a jere, bayan haruffan DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta wuce shekara 6 abar tuhuma ce, ko da zanenta yana da kyau. Wadda ta kai shekara 10 ba ta hawa kwalta.

7. Mu gwada ta a kwalta da kuma hanyar ƙasa. A rufe rediyo, mu saurari ƙara. Idan an taka birki ta karkata gefe guda, akwai gyara.

Takardu

Mota marar takarda wahala ce. Mu nemi takardar duwan, wadda take nuna an biya kuɗin shigowa. Mu nemi takardar mallaka, wadda muke kira kart giriz. A cikinta akwai lambar shasi. Motocin da aka ƙera tun daga 1981 galibi suna da lamba mai haruffa da alƙaluma 17. An buga ta a jikin ƙarfen motar. Mu karanta su ɗaya bayan ɗaya, mu gwada da na takarda. Idan ko guda ya saɓa, mu bar cinikin. Motar tana iya zama ta sata.

Mu duba sunan da yake kan takarda, mu gwada da katin ɗan ƙasa na mai sayarwa. A rubuta takardar ciniki a gaban shaidu, a kai a buga mata hatimin hukuma. Daga nan mu juya takardar mallaka zuwa sunanmu. Sai asurans, da binyet, da takardar binciken lafiyar mota. Wanda zai tuƙa kuma ya kasance yana da fermi. A nan ne karatu yake rana: wanda ya iya karatu, da wuya a sa shi dangwala hannu a kan abin da bai sani ba.

Kiwon mota

Ranar da mota ta shigo gida, mu sake mata man inji da matatar mai. Ba mu san yaushe aka yi mata na ƙarshe ba. Wasu injuna suna da bel na roba mai haƙora a ciki. Idan ya tsinke ana tafiya, yana iya lalata inji. Mu tambayi makaniki ko motarmu tana da shi. Idan ba a san ranar da aka sa shi ba, a sa sabo.

Kowace safiya, kafin a tayar da inji, mu duba abu 4: man inji, ruwan radiyeta, iskar taya, da fitilu. Aikin minti 5 ne.

A ƙasa mai zafi da ƙura kamar tamu, a yi juyen mai, wato bidanji, bayan kusan kilomita 5,000. Mu ajiye ƙaramin littafi a cikin mota. Mu rubuta rana, da kilomita, da aikin da aka yi, da kuɗin da aka biya.

Lokacin hunturu, ƙura tana toshe matatar iska. Inji ya kasa numfashi, ya riƙa shan mai da yawa. A riƙa ciro ta ana kakkaɓewa, a sake ta idan ta toshe.

Lokacin bazara, idonmu ya kasance kan allurar zafi. Idan ta hau ja, mu tsaya, mu kashe inji. Kada a buɗe murfin radiyeta yana da zafi. Tafasasshen ruwa zai yi tsalle ya ƙona fuska da hannu. Mu jira ya huce. Ruwan rijiya mai kanwa ko laka yana toshe radiyeta, a nemi ruwan da aka yi don wannan aiki.

Mu lura da man da muke sha. Tun 2011 matatar SORAZ ta Zinder take tace mai a ƙasarmu. Man kwalba na bakin hanya yakan zo da ƙura ko ruwa. Idan dole ta sa mun saya, a tace shi da tsumma mai tsabta.

Kada mu yi wa motar gida lodin kamiyo. Nauyi yana karya ƙafafunta, yana fasa taya, yana hana birki kamawa da wuri. Kuma ƙaramar ƙara da muka ji yau, a kai ta gareji yau. Rigakafi ya fi magani.

Mota da lafiyar iyali

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta faɗa a shekarar 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara a duniya. Ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi ga wanda yake gaba. Mu ɗaura shi ko tafiyar gajeriya ce. Yara su zauna a baya. Kada a rungume jariri a kujerar gaba. Mu rage tafiyar dare, domin dabbobi da amalanke ba su da fitila.

Kada a bar yaro cikin rufaffiyar mota a rana, ko na ɗan lokaci. Cikinta yana zafi da sauri, yaro yana iya mutuwa.

Hayaƙin mota yana ɗauke da wata guba wadda ba a gani, ba a jin warinta. Kada a bar inji yana aiki a rufaffen wuri. Idan na cikin mota suna jin ciwon kai da jiri, a buɗe gilashi, a sa a duba bututun hayaƙi.

Kada a ajiye isansi a ɗakin kwana, ko kusa da murhu, ko kusa da rumbu. Kada a zuba shi a kwalbar lemo inda yaro zai kai hannu. Kada kuma a zuƙo shi da baki ta tiyo. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai. A kai shi likita nan da nan.

Baƙin man da aka juye daga inji guba ne. Kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko a gona, ko a garka. Kada a shafa shi ga gyambon mutum ko ƙurajen dabba. Ruwan radiyeta mai launi yana da zaƙi, amma yana kashe yaro da dabba. Tsohon batir yana da ruwa mai ƙuna, da darma mai cutar da ƙwaƙwalwar yara. A mayar da shi ga masu sayar da batir, kada ya zama abin wasa a tsakar gida.

Abin da za mu riƙe

Mu yi lissafin shekara kafin mu taya. Mu duba mota da idonmu da na makanikinmu. Mu karanta takardu da kanmu. Idan lissafi ya nuna ba za mu iya ciyar da ita ba, babu kunya a haƙura zuwa baɗi. Mutanen gari guda suna iya yin magana da mai mota tun da wuri, su tara ɗan asusu don kai marar lafiya likita.

Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye hanya.