Gado Shida, Banɗaki Ɗaya

'Yar'uwa, ranar da Allah Ya kira ki Umara, kika baro Unguwar Rogo kika sauka a masauki mai rahusa a Misfala, kudu da Haramin Makka, ki san ba ɗakinki na Sakkwato kika shiga ba. Gado shida ne, banɗaki ɗaya, ga baƙin fuskoki.

Ki yi alwala tun kafin assalatu, domin layin banɗaki kan cinye jam'in Asuba. Riyal da fasfo su kwana a lalitarki. Katin masaukin kuwa kada ya bar jakarki, saboda ɓata.

Wata za ta yi minshari, wata ta kunna fitila tsakar dare. Ki haɗiye. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne. Kada guzurin shekaru ya ƙare a cacar baki. Allah Ya karɓi ibadarmu, amin.