Dashen Ƙwayoyin Hanji: Ko Zai Warkar da Ciwon Rikicewar Ciki?

Akwai wani ciwo da yake wahalar da mutane masu yawa a duniya, amma idan likita ya auna jini ko ya leƙa hanji da na'ura, ba ya ganin rauni ko ƙari. Likitoci suna kiransa IBS a taƙaice, watau ciwon rikicewar hanji. Mai shi yakan yi fama da murɗar ciki da kumburi. Wani zawo ne yake damunsa, wani taurin bayan gida, wani kuwa duka biyun bi da bi. Ciwon ba ya kisa, amma yakan hana ma'aikaci zama a ofis, ya hana ɗalibi natsuwa a aji, shekara da shekaru.

A cikin hanjin kowane ɗan Adam akwai ɗimbin ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu taimakawa wajen narkar da abinci da korar miyagun ƙwayoyin cuta. Da masana suka lura cewa na waɗansu masu wannan ciwo sun bambanta da na masu lafiya, sai suka yi tunanin dasa musu na wani. Yadda ake yi kuwa, akan karɓi bayan gidan mutum mai ƙoshin lafiya, a auna shi sosai, a dama shi da ruwan gishiri a tace, sa'an nan a zuba a hanjin majiyyaci ta bututu, ko a ɗura a ƙwanson magani ya haɗiye.

Dabarar ba sabuwa ba ce, sai dai a kan wata cuta dabam ta yi suna. A shekarar 1958 Dokta Ben Eiseman na birnin Denver a Amurka ya yi wa mutum 4 masu mummunan kumburin hanji, suka warke. A 2013 kuma likitoci a Amstadam ta ƙasar Holan suka gwada ta a kan masu zawon da ƙwayar Clostridioides difficile take haddasawa. Mutum 15 daga cikin 16 suka warke, alhali a cikin 13 da aka ba maganin vancomycin kaɗai, 4 ne suka warke.

To, amma a kan ciwon rikicewar hanji, sakamako ya rabu. A ƙasar Norwe, a 2018, kashi 65 cikin 100 na waɗanda aka yi wa dashe sun sami sauƙi bayan wata 3. Waɗanda aka mayar wa nasu bayan gidan don kwatantawa, kashi 43 ne suka sami sauƙi. A wannan shekara kuma a Denmak aka gwada ƙwanson haɗiya a kan mutum 52, sai waɗanda aka ba ƙwanson da babu komai a ciki suka fi jin daɗi.

A 2020 Farfesa Magdy El-Salhy ya bayyana gwajin da ya yi da mutum 165 a Norwe, inda ya ɗebi duk abin dashen daga mutum guda mai cikakkiyar lafiya. Wajen kashi 77 na waɗanda aka ba giram 30 sun sami sauƙi, da kashi 89 na masu giram 60, amma na kwatance ba su kai kashi 24 ba. Wannan ya sa ake zaton cewa asirin yana ga mai bayarwa, da yawan abin, da hanyar da aka bi aka shigar da shi.

Har wa yau akwai haɗari. A 2019 wani majiyyaci a Amurka ya rasu bayan an dasa masa ƙwayar E. coli mai bijire wa magani ba da sani ba. Magunguna biyu na irin wannan dashe da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su a 2022 da 2023, na zawon difficile ne mai yawan dawowa kurum. A 2024 ƙungiyar likitocin ciki ta ƙasar ta ba da shawara kada a yi wa masu rikicewar hanji dashe sai a cikin gwajin bincike.

Saboda haka kada wani ya kuskura ya gwada wannan a gida. Mai wannan ciwo ya nemi likita a gyara masa tsarin abinci, domin rage wake da albasa da alkama da madara yakan taimaki waɗansu. Wanda kuwa ya ga jini a bayan gidansa, ko yana ramewa ba dalili, ya garzaya asibiti, don waɗannan ba alamun rikicewar hanji ba ne.