Yadda Bayanan Marasa Lafiya Ke Tafiya Tsakanin Asibitocin Ƙasar Gumel

Bayanin da aka rubuta game da marar lafiya, sakamakon gwajin jini ne ko hoton ƙirji ko takardar tura shi babban asibiti, ba ya da amfani sai ya isa hannun wanda zai yi aiki da shi kafin lokaci ya ƙure. Isarsa kuwa na buƙatar a san bayanin wane ne, a san wa za a kai wa, a kuma samu hanyar da zai bi ba tare da ya faɗa hannun da bai kamata ba. Shigowar kwamfuta da wayar salula ta ƙara wa saƙo sauri, amma ba ta ɗauke ko ɗaya daga cikin waɗannan buƙatu ba.

A ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, neman magani hawa-hawa ne. Ana farawa daga asibitin mazaɓa. Idan ciwo ya fi ƙarfinsa a tura mutum babban asibiti irin na Gumel, daga can kuma sai Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko asibitin tarayya na Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tsarin Gunduma da Jihar Jigawa ta kafa a 2007 ya yi ƙoƙarin haɗa ƙananan asibitoci da manya ƙarƙashin kulawa ɗaya, kuma Gumel ta kasance cikin cibiyoyinsa a lokacin. A kowane hawa, abin da ke bin majiyyaci shi ne takardar turawa. An tsara ta ne kashi biyu: ɗaya na bayanin wanda ya turo, ɗaya kuma na amsar da likita zai mayar. Majiyyacin ko ɗan rakiyarsa ne ke riƙe ta. Kashin farko yakan isa. Na biyun ne ya fi salwanta, domin wanda ya samu sauƙi gida yake wucewa, sai malamin asibitin ƙauye ya zauna bai san abin da aka gano ko maganin da aka bayar ba.

Bayanan da suka fi samun tsayayyar hanya ta intanet su ne na alƙaluma. Kowane wata asibiti na cike fom na yawan masu awon ciki da haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro, a kai wa jami'in ƙaramar hukuma, a shigar cikin manhajar DHIS2, wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Oslo ta Norway, daga nan Dutse da Abuja su gani. Cututtuka masu yaɗuwa irin su kwalara da sanƙarau da ƙyanda suna da tasu hanyar. Jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma yana kai rahoto, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, kuma na amfani da manhajar SORMAS, wadda aka fara tsarawa bayan ɓullar Ebola a 2014. Waɗannan hanyoyi sun yi aiki ne saboda an san mai aikawa, an san mai karɓa, akwai kuma ranar da za a tambayi wanda bai aiko ba. Sai dai DHIS2 na wata-wata jimla take ɗauka. Za ta faɗi mata nawa suka zo awo a Gagarawa, ba za ta sanar da ungozoma cewa jinin wance ya hau ba.

Wannan giɓi ma'aikata suka cike da WhatsApp. A ɗauki hoton sakamako a tura wa likita, ya duba ya ba da shawara, kuma an ceci rayuka ta haka. Amma lambar ta mutum ce, ba ta asibiti ba. Idan aka yi masa canjin wurin aiki sai ya tafi da bayanan a wayarsa, idan ba ya bakin aiki saƙon ya kwana ba a buɗe ba, ba kuma ya shiga fayil ɗin majiyyaci.

Tantance mai bayanin shi ne ya fi wuya. A layi ɗaya za a iya samun Hauwa Musa uku, shekarun haihuwa kuma sau da yawa kintata ake yi. Lambar kati ta asibiti guda ce, ba ta aiki a wani. Lambar NIN za ta iya raba gardama, sai dai ba kowane ƙaramin yaro ko tsohuwa ke da ita ba. A Maigatari lamarin ya ƙara faɗi. Kasuwar Alhamis na tara mutane daga yankin Dungas da Magariya na Jamhuriyar Nijar, wasunsu kan haɗa cin kasuwa da ganin likita. Ba su da NIN, layinsu na Nijar ne, takardun da suka zo da su kuma da Faransanci aka rubuta.

Mayar da sakamako ga majiyyaci ma na da nasa haɗari. Lambar da mace ta bayar a wurin yankar kati sau da yawa ta maigida ce, ko ta ɗanta, ko ta maƙwabci, kuma wanda ba ya karatun boko wani zai miƙa wa ya karanta masa. Saƙon tunatar da ranar rigakafi ba ya cutar da kowa. Sakamakon tarin fuka ko cuta mai karya garkuwar jiki kuwa, idan ya sauka a wayar da ba ta mai shi ba, yana iya kashe aure. Abin da ya dace a irin wannan shi ne saƙo ya tsaya ga kiran mutum ya zo asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana sirrin majiyyaci sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko abin da doka ta keɓe, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake wa tsaro na musamman.

A Amurka, tun 2010 aka fara wani tsari mai suna Direct, wanda ke ba likita ko asibiti adireshi mai kama da na imel, da aka tantance mai shi, saƙon kuma a kulle yake tafiya. Akwai kuma ƙa'idar FHIR, wadda ke sa manhajoji daban-daban su fahimci bayanan juna. A 2024 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, ta ƙaddamar da shirin haɗa bayanan lafiya na ƙasa ta hanyar kwamfuta. Kafin irin wannan ya kai ƙauyukan Sule Tankarkar ana buƙatar wuta da sabis mai tsayawa. Amma akwai abin da ba ya jiran su: kowane asibiti ya mallaki layin waya na aiki wanda ke hannun mai bakin aiki, a tambayi majiyyaci ko lambar da ya bayar tasa ce, a kuma wajabta wa asibitin da ya karɓi marar lafiya ya mayar da amsa ga wanda ya turo shi. Hukumomin lafiya na jiha da na ƙananan hukumomin huɗu suna da ikon fara wannan tun yanzu.